Gali Mai Walda da Gonar da Aka Yi wa Ƙazafi

Idan ka shiga layin masu walda a Gwarzo ka tambayi Gali, za a ce maka wanne daga ciki, don su biyu ne. Ka ce Gali Manomi. Nan take za a yi murmushi a nuna maka rumfar ƙarshe, wadda ke kusa da mai faci. Sunan kuwa tsokana ce zalla, domin lokacin da aka laƙaba masa shi, a duk layin shi kaɗai ne ba shi da ko kunya ɗaya da yake nomawa. Sauran da zarar ruwa ya sauka sai su kashe injin, wannan ya nufi Unguwar Tudu, wancan ya nufi Sabon Birni, a bar shi da ƙyamaren mutane da tartsatsi. Amma zauna da shi ka ji. Zai ɗaga hanci ya ce hadarin nan kafin la'asar zai zubo, kuma ya zubo. Manomi ya kawo garma gyara, Gali zai juya ta ya gaya masa gonarsa laka ce ko jigawa, sannan ya tsare shi da tambayar dawa da gero har mutumin ya fara duban hanya. Bakinsa ba ya rabuwa da gona, ƙafarsa kuwa sai da ta fi shekara ashirin ba ta shiga gonar gidansu ba.

Shi mutumin Gammo ne, ta ƙasar Kabo. Ubansa, Malam Abdulmumini, gona guda ya mallaka, amma gona ce ta nuna wa baƙo: jar ƙasa mai riƙe ruwa, ta ɗan gangara zuwa rafi, ga wata tsohuwar tsamiya a tsakiya inda ake ajiye fura. A cikin gonar nan Malam Abdulmumini ya faɗi wata damina yana huɗa, garma a hannunsa. Ƙaƙƙarfan mutum ne, ko ciwon kai bai yi ba, da safen ma sai da ya yi wa maƙwabci faɗa a kan akuya. Aka ce kwana ne ya ƙare, aka kai shi makwancinsa. Gali a lokacin bai wuce a aike shi da gorar ruwa ba.

Gona ta koma hannun yayansa Jibirin, ɗan farin gidan. A shekarun nan gayya ba ta mutu ba tukuna. Mai gona zai sa a tuƙa tuwo a dama fura, ya gayyato samarin gari, a jera su a bakin gona kowa da kunyarsa, makaɗi ya biyo su da gangar noma, a ga wanda zai riga fita. To, a Gammo ba a tambayar wanda zai riga fita idan Jibirin yana layi. Makaɗin garin, Altine, har take ya yi masa nasa na kansa, wanda in ya buga 'yan mata ke barin tallar gyaɗa su taho kallo. Gali ya tashi ba shi da wani buri a duniya sai ya zama Jibirin.

Rana ɗaya tak ya samu. Ya tasa, kafaɗa ta fara buɗewa, Jibirin ya kira gayya a gonar gida, ya miƙa masa garma ya tsayar da shi a kunyar da ke kusa da tasa. Har yau idan Gali ya rufe ido yana jin sanyin ƙasar nan a tafin ƙafarsa, da ƙamshinta idan garma ta kifa ta, da gangar Altine tana dukan ƙirjinsa. Jibirin ya yi masa nisa, bayansa yana ƙyalli da gumi, ya waiwayo yana dariya ya ce, "Auta, biyo ni mana!" Ya juya, ya yi sara biyu ko uku, sai ya durƙusa kamar mai ɗaura igiyar takalmi, ya kife a kan kunyar. Altine ma bai daina kiɗa nan da nan ba, ya ɗauka wasa ne. Aka yayyafa ruwa, aka yi fifita da riguna, aka kira sunansa. Kafin a kai shi gindin tsamiya rai ya yi halinsa.

Uba da ɗa, gona ɗaya, garma a hannu. Mutanen Gammo ba su buƙaci wanda zai haɗa musu lissafin ba. Wasu suka ce tsamiyar nan da ma ba ita kaɗai take tsaye ba, akwai masu ita. Wasu suka ce jifa aka binne a gonar. Liman ya yi wa'azi ya ce ajali ne, kowa ya ce gaskiya ne Malam, sannan kowa ya ci gaba da zagaye gonar in zai je rafi. Magana ta zauna cewa gonar gidan Abdulmumini maza take ci.

Uwarsu, Inna Uwaliya, ba a ga hawayenta ba. Jibirin ɗan fari ne, kuma mace irin ta da ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane, ko da ransa ko bayan ransa. Tun yana raye "yayanka" take cewa, ko "wancan". Mata suka cika gida suna kuka, ita tana miƙa musu tabarma. Sai da aka share makoki ta kira Gali ɗakinta, ta sa shi ya zauna a gabanta.

"Auta," ta ce, "in dai nonona ka sha, kada ƙafarka ta ƙara taka gonar nan. In ka taka, ban yafe ba."

"Inna, to wa zai noma ta?"

"Kowa ma kada ya noma. Ta ci biyu, ba za ta ci na uku ba."

Duk wanda ya tashi a gidan Hausa ya san babu katangar da ta kai wannan kalma tsawo. Kafin kaka an tura shi Gwarzo wurin wani kawunsa ya koyi walda, ya koya, ya iya, ya buɗe rumfarsa, ya auri Sa'adiya, suka haifi 'ya mace, Kamila. An sha yi masa tayin gonar aro, yakan ce mai gonar ubansa a kwance da wace fuska zai je aro. Girman kai ne, kuma ya sani, amma ba shi kaɗai ba ne. Ba noma kawai yake so ba, waccan gonar yake so.

Kowace Juma'a bayan an sauko yakan hau babur ya je gaida Inna. Kafin ya shiga gari sai ya ratse, ya jingine babur, ya taka har iyakar gonar inda gamba ta yi layi, ya ja ya tsaya. Sabara da kalgo sun cinye ta, kunyoyin sun baje, tsamiya ce kaɗai ba ta canza ba. Shanun Fulani suna kiwo a ciki hankali kwance, makiyayin ma yakan yi barcin rana a gindin tsamiyar ya tashi garau, amma wannan bai taɓa zama hujja a Gammo ba, an ce ai shi ba jinin gidan ba ne. Gali zai tsaya yana shuka ta da ido: nan dawa, can gangaren masara, gefen nan gyaɗa. Wani lokacin yakan tsuguna ya miƙa hannu ya ɗebo ƙasar ya shinshina, tunda ƙafa Inna ta ce, ba ta ambaci hannu ba. Kewar gonar nan ta zame masa ciwo, kuma bai taɓa gaya wa Inna ba.

Ita ma Inna tana da nata abin da ba ta bayani. Duk damina sai ta shuka 'yar dawa a bayan ɗakinta, ba ta fi a rufe da tabarma biyu ba, ta kewaye ta da ƙaya, ta hana kaza sakat. In ta nuna ta yanke, ta ɗaure zangarniyar a saman ɗaki, ba ta ci, ba ta bayarwa. Gali yakan tsokane ta ya ce, "Inna, bana rumbu nawa za a gina?" Ta ce ya kiyaye ta.

Ciwon ya daɗe yana yi masa sallama bai amsa ba. In ya ɗaga ƙarfe mai nauyi sai numfashi ya yi masa wuya, ƙirji ya riƙa dakan lugude, ido ya yi duhu na ɗan lokaci. Mu kuwa a wurinmu duk abin da ya kama namiji daga wuya zuwa gwiwa basir ne, in ya wuce nan shawara ce. Gali ya sha jiƙe-jiƙe har Sa'adiya ta ce kwanukanta duk sun koma ɗaci. Wata rana cikin zafin bazara suna ɗora ƙyauren gida a mota, ya ce a dakata, bai ƙarasa ba ya zube. Ya farfaɗo ya ga kansa jiƙe sharkaf, mutane a kansa, Gali na biyu yana salati da ƙarfi. Ya ce yunwa ce, a sayo masa ƙosai. Sa'adiya da labari ya kai mata ba ta yarda ba. Ta saka mayafi ta ce, "Baban Kamila, ko ka tashi mu je asibiti, ko in tafi Gammo yanzu in gaya wa Inna." Ya tashi.

Daga asibitin Gwarzo aka tura su Kano, wurin likitar zuciya, wata mace mai sanyin magana, Dakta Mansura. Ta shafa masa wani mai sanyi a ƙirji, ta ɗora abin hoto, ta daɗe tana kallon allo. Sannan ta ce ya zauna.

"Malam Gali, a gidanku akwai wanda ya taɓa mutuwa farat ɗaya, yana cikin ƙarfinsa?"

"Babana da yayana. Amma wannan daban ne, Likita. Gona ce."

"Gona kamar yaya?"

Ya ba ta labari, yana jin kunya yana kuma kare labarin. Ba ta yi dariya ba. Ta tambaye shi abin da suke yi lokacin da suka faɗi, ya ce huɗa, na biyun ma tsere ake yi. Ta juyo masa da allon ta nuna masa wani abu yana motsi.

"Wannan zuciyarka ce. Zuciya tsoka ce, taka kuwa bangonta ya yi kauri fiye da kima. Ba abin da ka ci ba ne, ba abin da aka yi maka ba ne, gado ne, uba yakan ba ɗa. Irin wannan zuciyar, musamman in an matsa mata da aiki mai tsanani, bugunta yakan rikice, ta kama karkarwa maimakon ta tura jini. In ba a dawo da ita nan da nan ba, mutum ya tafi. Ban duba babanka da yayanka ba, amma duk alamu sun nuna abin da ya ɗauke su ke nan. Kai kuma ka suma, ga kaurin, ga tarihin gida. Kana cikin waɗanda muke jin tsoro a kansu."

Sa'adiya ta fashe da kuka. Shi kuwa Gali, Allah ya gani, abin da ya fara zuwa masa ba tsoro ba ne. Wani farin ciki ne ya taso masa har ya ji kunyar kansa. Ya ce, "Likita, ke nan gonar ba ta da laifi?"

"Da a kasuwa suke wannan aikin, da a kasuwa za su faɗi."

Ta ce akwai ƙwayoyin da zai riƙa sha, akwai kuma wata 'yar na'ura da ake sakawa a ƙarƙashin fata a saman ƙirji ta hagu, da siririyar waya da ke bi ta jijiya har cikin zuciya. Ba ta warkar da kaurin, gadi kawai take yi. Duk ranar da bugun ya rikice, za ta ji, ta aika wuta ta dawo da shi kan hanya. Samunta bai zo da sauƙi ba, sai da dangi da 'yan layin walda suka yi karo-karo aka kuma yi jira mai tsawo, amma dai aka saka. Kamila ma aka duba ta, aka ce yanzu tata lafiya lau, a riƙa dawo da ita tana girma. A Gwarzo ba wanda ya wahalar da kansa da sunan na'urar. Aka ce an sa wa Gali batir.

Batirin ya zo da nasa dokokin. Ba tsere, ba ɗaukar kaya mai nauyi, ba aikin da zai sa shi haki. Tafiya da ƙaramin aiki babu laifi. Waya kada ta zauna a aljihun gaba, don haka tela ya bi rigunansa ya cire aljihun hagu ya mayar dama, har yau Gali yana kai hannu inda babu aljihu. Mafi zafi, ya nisanci injin walda, domin wutarsa na iya ruɗa na'urar ta buge shi a banza. Sai ya koma awo da karɓar aiki, yana zaune a benci a tsallaken titi yana kallon wasu suna ƙona masa ƙarfe ba yadda yake so ba. Amma bai cika damuwa ba, hankalinsa yana Gammo. Gani yake da ya gaya wa Inna abin da likita ta ce, magana ta ƙare.

Ya same ta tana tsince wake a faifai. Ya yi bayani dalla-dalla, har ya buɗe wuyan riga ya nuna mata ɗan tudun da ke ƙirjinsa. Ta kalla sau ɗaya ta kawar da kai.

"Ita likitar ta taɓa zuwa Gammo?"

"A'a, Inna."

"Ta ga gonar?"

"Ba ta gani ba, amma ta ga zuciyata."

"To ta tsaya a kan abin da ta gani. Shekara nawa na raba ka da wurin nan? Ga ka da ranka, da 'yarka. Su da suka shiga ina suke?"

"Inna, a Gwarzo fa na faɗi."

"Yunwa ce. Kai da bakinka ka ce yunwa ce, an gaya mini."

Ya dawo gida ransa a ɓace, ya ce tsohuwar nan taurin kai gare ta. Sa'adiya tana kwashe tuwo ta ce, "Ba taurin kai ba ne, Baban Kamila. Abu ɗaya ta iya yi bayan ta rasa biyu, ta tsare na ukun. Yanzu ka je ka ce mata ba ta tsare ka daga komai ba, abin yana cikin rigarka duk shekarun nan. Wa zai karɓi wannan a zama ɗaya?" Tuwon ma kaɗan Gali ya ci.

Haka aka tafi har damina ta yi nisa. Wata Juma'a yana zaune a tsakar gidan Inna, sai ga wani bunsurun maƙwabta ya ture ƙaya ya faɗa cikin 'yar dawar bayan ɗaki, lokacin ta fara fitar da kai. Inna ta yi wata irin ƙara da bai taɓa jin ta yi ba. Kafin ya tuna da likita ko batir ya zabura. Bunsuru ya zagaya rumbu, ya bi shi. Ya haura turmi, ya bi shi. Ya cafko ƙafarsa ta baya ya ɗaga shi cak ya jefa waje ta kan danga, ya juyo yana haki yana dariya zai yi magana. Sai tsakar gidan ta yi duhu daga gefe-gefe. Ya ji gwiwarsa ta taɓa ƙasa. Can cikin duhun wani abu ya harbe shi a ƙirji kamar jaki ya sa ƙafa biyu.

Da ya buɗe ido, kansa yana kan cinyar Inna. Ɗankwalinta ya faɗi, ba ta ma sani ba. Hannunta yana kan tudun nan na ƙirjinsa, wanda ta ƙi kallo, tana danna shi kamar za a ƙwace mata.

"Haka suka yi?" ta ce. "Haka yayanka ya durƙusa?"

"Haka ne, Inna."

"A tsakar gidana," ta ce, ba da shi take ba. "A gaban ɗakina." Sai kuma ta ce, "Su ba su tashi ba."

A Kano aka duba na'urar, Dakta Mansura ta ce ta yi aikinta daidai lokacin da ya kamata, ta kuma yi masa faɗan da ya dace da mai tseren bunsuru. Da ya ba ta labarin hanin Inna, ta ce ya gaya wa tsohuwa cewa raba shi da gayya da ta yi yana saurayi, mai yiwuwa shi ne ya kawo shi yau. Ya kai wannan saƙo Gammo da gudu, na babur. Inna ta saurara ta ce, "Ita ta faɗa?" Ya ce ita ta faɗa. Ta ce, "Ashe tana da hankali." Daga nan ba ta ƙara tayar da maganar ba. Aka yi kaka, aka shiga rani, Gali yana zuwa iyakar gona yana tsayawa kamar kullum, ya fara sabawa da cewa a nan zai tsufa.

Sai da bazara ta kama, gabas ta fara haɗa gira, ta kira shi ɗakin nan dai, ta sa shi ya zauna inda ya zauna yana saurayi.

"Auta, maganar da na ɗora maka na janye ta. Na yafe maka duniya da lahira. Ka taka gonar ubanka." Ya buɗe baki, ta ɗaga hannu. "Amma garma ba da yawuna ba. Wannan ba ni na hana ba, ƙirjinka ne."

Ya sa aka yi sassabe aka ƙone sabara, yana tsaye daga iyaka yana nuni, don ya ce ba zai shiga ba sai ranar shuka. Masu aikin ma sai da aka nemo su daga wani gari. Da ruwan shuka ya sauka, aka kawo shanun huɗa, tunda yanzu su suka gaji samarin gayya. Mutanen Gammo suka fito kallo, suka tsaya nesa kaɗan, ko da wani abu. Sai ga Altine makaɗi, ya tsufa ya ranƙwafa, da gangarsa wadda ta shekara da shekaru a rataye, ba wanda ya gayyace shi. Sai ga amalanke, Inna Uwaliya a kai, da ƙwarya a rufe a cinyarta, Sa'adiya da Kamila a gefenta.

Gali ya cire takalmi a bakin gamba. Ya daɗe a tsaye, har wani ya yi tari. Sannan ya yi bismilla ya taka. Ƙasar tana da sanyi, irin sanyin nan dai, ta shiga tsakanin yatsunsa. Altine ya ɗora gula a kan ganga, hannun tsoho ya tafi inda ya saba, taken Jibirin ya tashi. Jikin Gali gaba ɗaya ya amsa. Ga wata garmar hannu an jingine a jikin amalanke, shi da kansa ya taɓa yi mata walda, ya san nauyinta, ya san yadda za ta shiga wannan ƙasa. Kunya ɗaya kawai, daga nan zuwa tsamiya. Ya kalle ta har sai da Sa'adiya ta ce, "Baban Kamila," a hankali.

Ya juya ya ce, "Baba Altine, babu kiɗan masu tafiya sannu?"

"Ban taɓa yi ba," in ji tsohon. "Manomi ba ya son sannu."

"To yau ka fara."

Aka sauko da Inna. Ba ta taɓa ganin wurin da Jibirin ya faɗi ba, ranar da abin ya faru tana gida tana tuƙa tuwon gayya. Ta dogara sandarta ta shiga gonar da ta la'anta, ta tsaya ta dubi tsamiyar sama da ƙasa.

"Ina ne?" ta ce.

Bai tambaye ta me take nufi ba. Ya kai ta wurin, gabas da tsamiya kaɗan, inda shanu suka riga suka tayar da sabuwar kunya. Sannan ta buɗe ƙwaryar. Dawa ce, jar kaura, wadda take ɗaurewa a saman ɗaki.

"Daga cikin irin da ya ware zai shuka a waccan shekarar na ɗiba," ta ce. "Duk damina ina juya shi kada ya mutu." Ta miƙa masa ƙwaryar da hannu biyu, muryarta ta karye. "Irin Jibirin ne."

Tunda Gali ya zo duniya bai taɓa jin sunan nan a bakinta ba. Ya karɓi ƙwaryar bai iya ɗaga ido ba, don ya san kuka take yi, kuma ya san ba ta so a gani.

Shuka aikin yara ne da tsofaffi. Wani ya wuce gaba da sungumi yana sara ramuka, kai kuma ka biyo ka jefa ƙwaya ka rufe da diddige. Ba a yi wa mai wannan aiki kirari, 'yan mata ba sa barin talla don su kalle shi. Gali ya ɗebi irin, ya jefa a ramin farko, ya ja ƙasa da diddigensa ya danne. Ya matsa na gaba. Can gabansa shanu sun yi nisa, mai riƙe da su yana ta ihu, ƙasa tana kifewa jawur tana tashin ƙamshi, ƙafafunsa suna ta son su bi. Bai san ya fara ɗaga ƙafa ba sai da ya ji sandar Inna tana biye da shi a cikin kunya.

"Auta," ta ce, "sannu dai. Jira ni."

Ya tsaya ya jira ta.